Bayani A Kan Naman Sa Na Sallah: Hukuncinsa, Dafuwarsa Da Ajiyarsa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya hore wa ɗan Adam bisashe, yana shan nononsu, yana cin namansu, yana amfani da fatunsu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, wannan bayani ne a kan naman sa da ake kayarwa a gidaje lokacin Babbar Sallah, da yadda ya kamata a sarrafa manyan gunduwoyinsa har su isa akushin iyali da lafiya.

Dalilin wannan magana shi ne, kowace shekara idan 10 ga Zulhajji ta zo, gidaje masu yawa a Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya, har Maraɗi da Damagaram, sukan yanka sa. Attajiri yakan saya shi kaɗai, masu ƙaramin ƙarfi kuwa su haɗa kuɗi su yi watanda. Sa idan aka feɗe shi, aka cire kai da fata da ƙafafu da kayan ciki, abin da ke saura kimanin rabin nauyinsa ne yana da rai. Watau sa mai kilo 300 zai ba da nama da ƙashi kusan kilo 150. Uwargidan da ta saba da naman miya na kilo 1 ko 2 daga wurin mahauci, ga shi yau an jibge mata cinya guda a tsakar gida. In ba a yi tsari ba, sai nama ya fito tukunya da tauri kamar ƙirgi, ko ya ruɓe kafin a kai gare shi, dukiya ta salwanta tare da rabon miskinai.

Wani abin lura kuma, Sallah tana matsowa gaba da kwana 10 ko 11 kowace shekara bisa lissafin watannin Turawa. A Nijeriya ta faɗo ranar 16 ga Yuni a 1445 ta Hijira, watau 2024, a 2025 kuma ranar 6 ga Yuni. Daga nan tana shiga Mayu da Afrilu, tsakiyar bazara ke nan, lokacin da zafin rana a Sakkwato da Maiduguri yakan wuce digiri 40. Naman da zai kwana lafiya a sanyin hunturu, a bazara ba ya jimre wannan.

Fasali na farko: hukuncin layya da sa

A mazhabar Imamu Malik layya sunna ce mai ƙarfi ga wanda yake da iko. Shehu Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a 386 ta Hijira, ya bayyana a cikin Risala cewa tumaki sun fi awaki falala a layya, awaki kuma sun fi shanu da raƙuma. Malamai suka ce illar haka ita ce, abin nema a layya daɗin nama ne, a hadayar alhazai kuwa yawansa ake nema. Saboda haka wanda ya yanka sa layyarsa ta inganta, illa dai kada ya ɗauka ya fi mai rago lada don girman dabba. Sharaɗin sa shi ne ya cika shekara 3 ya shiga ta 4, kuma ya kuɓuta daga aibobi bayyanannu, kamar harari-garke da gurguntaka da rashin lafiya da ramar da ta cinye kitse.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne batun watanda. A wurin Malikawa tarayya a cikin kuɗin dabbar layya ba ta inganta. Mutum 7 ko 10 da suka haɗa kuɗi suka sayi sa suka raba, namansu halal ne, sun kuma faranta wa iyalinsu, amma layya ba ta sauka daga kansu ba. Abin da aka yarda da shi shi ne tarayya a lada: mai gida ya sayi dabba da dukiyarsa, kafin yanka ya yi niyyar shigar da danginsa waɗanda suke zaune tare da shi, yake kuma ciyar da su, ko da sun fi 7. Su kuwa Hanafawa da Shafi'awa da Hambalawa sun halatta mutum 7 su yi tarayya a sa guda, suna kafa hujja da hadisin Jabiru ɗan Abdullahi a kan abin da aka yanka shekarar Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira. Wanda zai shiga watanda da niyyar layya, wajibi ne ya san maganar wa yake bi, ya tambayi malaminsa tun kafin ya ba da kuɗi.

Ba a yanka sai bayan liman ya yanka, kwanakin yanka 3 ne, da rana ake yi ban da dare. Ba a sayar da komai daga dabbar layya, nama ko fata ko kitse. Ba a kuma biyan mahauci ladan fiɗa da wani sashe nata. A ba shi kuɗinsa, in an so a ƙara masa da nama kyauta. Amma miskini ko almajirin da aka yi wa sadakar fata, ta zama mallakarsa, yana iya sayarwa.

Fasali na biyu: daga kasuwa zuwa wuƙa

Taushin nama tun daga kara yake farawa. Shanun da ake kawowa kasuwannin Potiskum da Maigatari da Wudil da Illela da Mubi mafi yawansu masu tozo ne, irin su Bunaji fari, da Rahaji ja mai dogon ƙaho, da Bokoloji na ƙasar Sakkwato, da Azawak na Nijar. Masu binciken nama sun tabbatar da cewa shanu masu tozo namansu ya fi na shanun Turai tauri, balle tsohon sa wanda ya yi shekaru yana yawon kiwo ko jan garma. Don haka littafin girkin da aka rubuta domin shanun wata ƙasa, lokacin da ya ƙayyade ba zai isa a nan ba.

Sa da aka ɗauko a mota daga nesa, a bar shi ya huta kwana 1 ko 2, a ba shi ruwa da harawa. Dabbar da aka yanka a gajiye ko a firgice namanta yakan yi duhu, ya yi ƙarfi, ya kuma fi saurin lalacewa, domin wahala ta cinye sukarin da ke ajiye a tsokarta, wanda shi ne yake juyewa ya zama tsamin da ke kare nama bayan yanka. Mai hankali zai ga yadda wannan ya dace da ladubban shari'a: a wasa wuƙa ba a gaban dabba ba, a kayar da ita da sauƙi, kada a yanka wata a gaban wata, kada kuma a fara fiɗa sai rai ya gama fita.

Dabbar da ta faɗi da ciwo farat ɗaya, jini baƙi yana fita ta hanci ko ta dubura, ba a yi mata gaggawar wuƙa don gudun asara. Wannan alama ce ta ciwon saifa, mai kama mutum ta hanyar nama da jini da fata. A Yunin 2023 gwamnatin Nijeriya ta yi gargaɗi a kansa bayan ɓullarsa a arewacin Gana, a watan Yuli kuma aka tabbatar da shi a wata gona a yankin Suleja. Abin yi shi ne a kira malamin dabbobi. Haka kuma babbakar kai da ƙafafu da ganda, da itace ko kara ake yi. Hayaƙin tayar mota yana barin guba a jikin fata wadda wanki ba ya fitarwa.

Bayan yanka da 'yan sa'o'i nama yakan sandare, sa'an nan ya riƙa saki a hankali. A manyan mayanka masu ɗakin sanyi akan rataye shi kwanaki don ya yi laushi. Gidan da ba shi da irin wannan ɗaki ba zai kwaikwayi haka ba. Rago yana iya kwana a rataye a inuwa kusa da hayaƙi, amma cinyar sa tana da kauri, zafin jiki yakan daɗe a cikinta, sai ta fara wari daga wajen ƙashi alhali bayanta yana da kyan gani. Maganin wannan shi ne a tsaga cinya da karfata har ƙashi tun ranar yanka, a rataye su daban daban inda iska ke ratsawa, a rufe da ƙyalle mai shara-shara saboda ƙuda. Kada a tara nama mai ɗumi a cikin daro ko buhu ko leda, kada kuma ƙazantar tumbi da hanji ta taɓa shi. Kayan ciki su ne masu saurin ɓaci, su ake fara dafawa. An so ma mai layya ya jinkirta karin kumallo ranar Idi har ya ci daga hantar dabbarsa.

Fasali na uku: sanin sassan sa

Mahauta da Sarkin Fawa sun san wannan tun kaka da kakanni: kowane sashe da irin wutarsa. Ƙa'idar ita ce, gaɓar da ta fi aiki lokacin da sa yake da rai ita ta fi jijiya da tantani. Wuya da ke ɗauke da kai, da karfata, da ƙirji, da ƙwauri, da bindi, duk na tukunya ne, suna son ruwa da dogon lokaci. Naman gadon baya da doguwar tsokar da ke kwance ƙarƙashinsa ba su cika wahala ba, su ne na gashi da tsire da balangu. In aka daɗe ana tafasa su sai su bushe su yi gautsi. Cinya tsoka ce zalla mai ƙarancin kitse, ita ta dace da kilishi da dambu da soye. Haƙarƙari yana karɓar tukunya, yana kuma karɓar gashi in an yi shi a hankali. Tozo kuwa, wanda ake ajiye wa manyan baƙi, tsoka ce da kitse ya ratsa, ba ya ba da daɗinsa sai an yi masa haƙuri.

Fasali na huɗu: dafuwar manyan gunduwoyi

Farin abin nan mai tauri da ke naɗe da tsoka, idan ya daɗe cikin zafi da laima yakan narke ya zama danƙo, irin wanda ake gani a romon ƙafar sa in ya huce ya daskare. Narkewarsa ita ce taushin nama, kuma lokaci take bukata. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100 komai yawan itacen da aka tura. Wanda ya cika murhu da wuta don nama ya yi saurin nuna, itacensa kawai yake ƙonawa, ruwa ya ƙafe, bayan gunduwa ya dagargaje cikinta yana nan da ƙarfi. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa.

Akwai wani lissafi da 'yan kasuwa za su gane da sauri. Zafi yana ratsa nama daga waje zuwa ciki, kuma idan kaurin gunduwa ya ninka sau 2, lokacin da zafi zai kai tsakiyarta yakan ninka kusan sau 4. Saboda haka gunduwar tukunya kada ta wuce kilo 1 zuwa 2, kuma a daidaita girmansu don su nuna tare.

Ga yadda ake yi. A tsane nama, a shafe shi da gishiri kimanin giram 10 ga kowane kilo, watau kusan cokalin shayi 2, tare da dakakken citta da masoro da kanumfari da kimba da tafarnuwa. A narka kitsen sa a tukunya mai kauri, a sa gunduwoyi kaɗan kaɗan, a juya su har kowane gefe ya yi ja; wannan jan shi ke ba romo ƙamshi da launi. Sai a zuba albasa mai yawa da ɗan daddawa, a sa ruwa ya kai rabin tsayin naman, a rufe. Da ya tafasa a kwashe kumfa, a zare itace, a bar shi yana ɓararraka a hankali bisa garwashi. In ruwa ya ja baya a ƙara mai zafi. Ƙirji da wuya da karfata da bindi sukan ci sa'a 3 zuwa 4, tozo ya fi haka, ƙafafu kuwa sukan kai sa'a 5 ko 6. Tukunyar zamani mai kulle tururi tana kai zafi wajen digiri 120, tana rage wannan lokaci zuwa kusan sulusi. Alamar nuna ita ce a soka tsinke ya shige ya fito ba tare da turjiya ba.

Mata sun daɗe suna taimakon tsohon nama da ganyen gwanda: a murza shi a naɗe nama na sa'a 1 ko 2, domin ƙaron gwanda yana da sinadarin da ke sassauta tsoka. Ɗanyar citta ma tana da irinsa. Kanwa tana sa laushi, amma in ta yi yawa takan baƙanta nama, ta ɓata ɗanɗano, ta kuma dami ciki; ɗan ƙanƙanin gutsure ya isa babbar tukunya.

Idan an sauke, a bar gunduwa ta ɗan huce a cikin romonta kafin a sa mata wuƙa. A dubi yadda zaren tsoka ya kwanta, a yanka a gicciye, domin gajeren zare shi ke sauƙin tauna ga tsoho da yaro. Romon kuwa shi ne jarin miyar taushe da za a ci da tuwon shinkafa ko waina ko funkaso, kada a zubar da shi.

Fasali na biyar: gashi

Gashi da garwashi ake yi, harshen wuta yana ƙona waje ya bar ciki ɗanye. A Yamai da sauran garuruwan Nijar akan buɗe rago a kan sanduna, a kafa su kewaye da wuta, zafi yana dukansa daga gefe sa'o'i masu yawa. Wannan dabara ta dace da haƙarƙarin sa: a nisanta shi da wuta, a riƙa juyawa ana shafa mai, har kitse ya tsiyaye ƙashi ya fara leƙowa. Naman gadon baya kuma a shimfiɗe shi ya yi faɗi kamar yadda masu balangu ke yi, a barbaɗa yaji bayan ya gasu, domin ƙuli-ƙuli yana saurin ƙonewa.

Wanda yake da ma'aunin zafi na nama ya soka shi a tsakiyar gunduwa: digiri 63 shi ne mafi ƙarancin abin da masana suka yarda da shi, niƙaƙƙen nama kuwa 71. Wanda ba shi da ma'auni ya tsaga wuri mafi kauri ya duba. Dalilin kiyaye wannan shi ne tsila, wadda 'ya'yanta ke ɓuya a tsokar sa kamar fararen ƙwayoyin shinkafa, musamman a zuciya da harshe da naman muƙamuƙi. Cikakkiyar dafuwa tana kashe su.

Fasali na shida: ajiya

A farkon al'amari Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana ajiye naman layya fiye da kwana 3 saboda mabukata da suka shigo Madina a wata shekara, daga baya ya yi izinin ci da ajiya. Wannan yana cikin Muwaɗɗa da Sahihu Muslim. Ajiya halal ce, sai dai a yi ta da sani.

Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa a abinci tsakanin digiri 5 da 60, kuma in sun sami yadda suke so adadinsu yana ninkawa cikin minti 20. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce sa'a 2 a ajiye ba wuta ba sanyi. Babbar tukunyar farfesu da aka sauke da dare aka rufe, tana daɗewa da ɗumi, ɗumin nan kuwa shi ne abin tsoro. Ko dai a bar ta bisa garwashi, ko a rarraba a ƙananan kwanuka su yi saurin hucewa a sa a firiji, da safe a tafasa sosai. Naman da ya riga ya yi yauƙi ko wari a zubar da shi; yaji yana ɓoye wari ne kawai, wasu gubobin kuma tafasa ba ta kashe su.

Mai firiza ya ƙulla nama ƙulli-ƙulli gwargwadon girkin yini, ya shimfiɗa su don sanyi ya ratsa. Da yake wutar lantarki ba ta da tabbas, in an ɗauke ta kada a yawaita buɗewa. Cikakkiyar firiza a rufe tana riƙe sanyi kwana 1 zuwa 2. Amma mai hankali ba ya jingina sa guda ga wutar da ba shi da iko a kanta. Hanyoyin iyaye suna nan. Soye: a dafa nama da kayan yaji har ruwa ya ƙafe, a soya shi cikin kitse ko man gyaɗa har ya bushe, a zuba a mazubi mai tsabta, a riƙa ɗiba da busasshen cokali. Dambu: a dafa cinya ta yi ligif, a daka a turmi, a soya har ya yi wara-wara. Kilishi: a yanyana tsoka fale-fale, a shanya, a tsoma a labu na tunkuza da kayan yaji, a sake shanyawa, a nuna wa wuta. Banda kuma ta hayaƙi ce. Asirinsu duka ɗaya ne, watau raba nama da ruwa. Da irin wannan ne ake ajiye wani abu na layya har daren cika-ciki a Muharram, wata guda bayan Sallah, kamar yadda aka saba a al'ada.

Fasali na bakwai: rabo

Allah Ya yi umurni a Suratul Hajji, aya ta 28 da ta 36, da a ci daga abin yanka a kuma ciyar da mabukata. Malikawa ba su ƙayyade kaso ba, sun dai so a haɗa ci da sadaka da kyauta. Wasu malamai suka so a kasa 3. Abin da ya kamaci mai gida shi ne ya fitar da rabon mutane tun ranar yanka ko washegari da sassafe, nama yana da kyansa. Jinkirta sadaka har nama ya fara canzawa, sa'an nan a tura wa almajirai, cutarwa ce. Kada kuma ya zama tsoka ta tafi gidan masu hali waɗanda su ma sun yanka, ƙashi da tantani su tafi gidan gwauruwa da marayu. Gidan da ba su da kuɗin itacen dafa ƙwauri sa'a 5, a aika musu da tsoka mai saurin nuna ko dafaffe.

Daga ƙarshe, aikin sa ya fi ƙarfin mace ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya: mai gida ya tanadi itace da gawayi da mai da gishiri da ruwa mai tsabta da manyan tukwane tun kafin jajibere, ya yi magana da mahauci a kan lada, ya sa samarin gida su kama aikin datsa ƙashi da hura wuta. Wanda ya ga ba shi da hannuwan da za su sarrafa sa cikin kwana 2, rago ya fi masa, ga shi kuma shi ne mafi falala a mazhaba.

Allah Ya karɓi ibadar Musulmi, Ya sa albarka a abin da aka yanka da abin da aka ciyar, Ya maimaita mana Sallah cikin lafiya da zaman lafiya, amin. Allah ne Mafi sani. Tamat.